Yadda ake tausiƙin bahasi, tun daga ranar buɗe littafi har ranar munaƙasha

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu da suka gama ma'ahadin lugga, wato makarantar koyon Larabci, suka shiga kulliya a nan Madina, da na Ummul Ƙura a Makka, da na Riyad. Tunda aka fara raba maudu'an bahasi, wato rubutun bincike, a zangon nan mutum wajen shida sun tare ni, wani a ɗakin cin abinci, wani a farfajiyar Harami bayan isha'i, kuma tambayar duk ɗaya ce, wai yaya ake rubuta hamishi (bayanin ƙasan shafi), yaya ake jera maraji'i (littattafan da aka duba) a ƙarshe, me yasa Dakta ya dawo min da takardata duk jan biro alhali abinda na rubuta daidai ne. To eh ƙila daidai ɗin ne, amma bai san daga ina ka kwaso shi ba, shi kuwa a wurinsa maganar da ba a san mai ita ba kamar ba a faɗe ta bane. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin a tsanake yadda na koye shi lokacin da nake fama da risalar majistir.

Tausiƙi dai shi ne ka nuna wa mai karatu inda ka samo magana, ta yadda in ya tashi ya je laburare ya zaro littafin ya buɗe shafin da ka faɗa, zai tarar da ita a nan. Kuma kar wani ya ɗauka abin Turawa ne aka ɗora mana. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu shekara ta 181 bayan hijira, shi ne yace isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abinda ya ga dama, maganar tana nan cikin muƙaddimar Sahihu Muslim. Matsalarmu ita ce mun taso da "malamai sun ce", "an ruwaito", "na ji a wa'azi", wannan a majalisin bayan magariba yana wucewa, amma a bahasi ba ya wucewa ko kaɗan, sai ka faɗi wane malami, a wane littafi, wane bugu, shafi nawa.

Mataki na farko tun kafin ka taɓa littafi, ka je sashenku ka nemi dalilin rubuta bahasi, wato ɗan littafin ƙa'idojin da jami'a ko kulliya ta fitar, yawanci yana shafinsu na intanet. Ka karanta shi tas. Wani sashe yana son a fara da sunan littafi sannan marubuci, wani marubuci sannan littafi, wani yana son cikakken bayanin bugu a farkon ambato, wani yace a'a ka bar shi sai a fihirisin ƙarshe, wato jerin littattafan da ke ƙarshen bahasi. Duk abinda zan faɗa a nan in ya saɓa da dalilin sashenku ko da maganar mushrif ɗinka, malamin da ke duba bahasinka, to nasu zaka bi ba nawa ba. Kuma dan Allah kar ka ari risalar wani babban yaya ka kwaikwayi tsarinta kawai, ƙila shi a wani sashe ya yi, ƙila ma an canza ƙa'idar bayan ya gama.

Mataki na biyu, wanda ni a wurina shi ne rabin aikin gaba ɗaya, shi ne katin littafi. Duk littafin da ya shigo hannunka, na takarda ne ko PDF, kafin ka karanta layi ɗaya ka buɗe bangon ciki da bayansa ka kwafe cikakken sunan marubuci da shekarar rasuwarsa in na da ne, cikakken sunan littafin, wanda ya yi tahƙiƙi (tantance matanin tsohon littafi don bugawa) ko fassara, maɗaba'a, garin da aka buga, bugu na nawa, shekara, da adadin juz'o'i. In kana sauri ka ɗauki hoton shafukan biyu da wayarka, amma ka tura su wata folda ta daban a ranar, kar su nutse cikin hotunan buɗa baki da na 'yan gida. Ni abin ya taɓa cina, na yi wata wajen huɗu ina kwasar bayanai a laburaren Masallacin Annabi ina rubuta sunan littafi da shafi kawai, da na zo haɗa babi na biyu sai na tarar littafi guda na ɗauko daga bugu biyu daban-daban, ɗaya a laburare ɗaya a laftof, shafukan ba su haɗu ba ko kusa, sai da na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya kusan sati uku, lokacin kuma mushrif yana jiran babin. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida, littafi ɗaya bugu ɗaya tun daga farkon bahasi har ƙarshe, in dole ta sa na canza sai in faɗa a hamishi.

Cikakken sunan marubuci ba ado bane fa. Akwai Fathul Bari na Ibnu Hajar wanda ya rasu 852 bayan hijira, akwai Fathul Bari na Ibnu Rajab wanda ya rasu 795, duka biyun sharhin Bukhari ne. Akwai Ahkamul Ƙur'an na Jassas Bahanafe, akwai na Ibnul Arabi Bamalike. In ka rubuta sunan littafin kawai ka wuce, munaƙishi, malamin da zai yi maka tambayoyi ranar munaƙasha wato ranar kare bahasi, zai tambaye ka na wa, kai ma bayan shekara ɗaya ƙila ka manta. Shekarar bugu kuma ka kwafe ta yadda take a jikin littafin, in hijiriyya ce ka bar ta hijiriyya, kar ka juya ta da kanka, don shekarar hijira ɗaya tana ratsa shekara biyu na miladiyya, kaga 1445 ta fara a Yulin 2023 ta ƙare a Yulin 2024, to wacce zaka zaɓa? In babu shekara sam sai ka sa د.ت wato babu tarihi, in babu maɗaba'a د.ن, in ba a faɗi bugu na nawa ba د.ط.

Mataki na uku yana wurin kwasar bayani. Duk abinda ka rubuta a littafinka ko a fayil ɗinka ka yi masa alama tun a lokacin, shin lafazin marubucin ne harafi da harafi, ko ma'anarsa ce ka faɗa da bakinka, ko kuwa tunaninka ne ya zo maka kana karatu. Ni launi uku nake amfani da shi. Yawancin waɗanda ake kamawa da satar rubutu wallahi ba niyyar sata suka yi ba, sun kwafo sakin layi ne suka ajiye ba alama, bayan wata biyar suka dawo suka ganshi cikin bayanansu suka zaci su suka rubuta, suka zuba shi haka. Amma Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, ba ruwansa da niyyarka, shi kamanni kawai yake nunawa, kwamitin munaƙasha ma haka.

To yanzu ka zauna rubutu, ga yadda hamishin yake tafiya. Kar ka buga lambar da hannu ka ja layi a ƙasan shafi, ranar da ka ƙara sakin layi ɗaya a sama komai zai wargaje. A Word ka danna Ctrl da Alt da F tare, zai sa maka lamba a inda kake ya kai ka ƙasa, kuma cikin saitinsa akwai inda zaka ce lambar ta riƙa komawa 1 a kowane sabon shafi, wanda shi ne abinda aka fi gani a risaloli na Larabci. In lafazin mutum ka ɗauko to ka sa shi tsakanin alamun zance, lambar ta zo bayan alamar rufewa, a ƙasa kuma ka fara kai tsaye da bayanin littafin, kamar haka:

(1) Wane ɗan Wane, Sunan Littafi, tahƙiƙin Wane, Bairut, maɗaba'a kaza, bugu na 2, shekara kaza, 3/145.

Wannan 3/145 ɗin juz'i na 3 ne shafi na 145. In sashenku masu barin bayanin bugu ne sai ƙarshe to sunan littafi da marubuci da 3/145 sun isa. In kuma ma'ana ka ɗauko ka faɗa da naka kalmomin to babu alamun zance, amma hamishin yana nan daram, sai dai ka fara shi da "yunzar" ko "unzur", wato a duba. In ka kawo lafazin amma ka ɗan taɓa shi, ka rage ko ka sauya jeri, sai ka rufe da "bi tasarruf". Inda ka tsallake wani abu a tsakiyar zance ka sa ɗigo uku, inda ka cusa kalmarka don a gane ka sa ta cikin baka mai kusurwa. Abinda nake jan kunne a kai sosai shi ne yanke magana a inda zata canza ma'ana, malami yace abu kaza ya halatta da sharaɗi kaza, kai ka tsaya a "ya halatta" ka rufe alama. Shafin daidai ne, juz'in daidai ne, amma ka yi masa ƙarya, kuma mutumin ya rasu ba zai iya kare kansa ba.

In ka sake komawa littafin da ka ambata a hamishin da ke sama da shi kai tsaye, ana rubuta "almasdarus sabiƙ" ko "almarji'u nafsuhu", wato littafin da ya gabata, da sabon shafin. Shawarata kar ka sa su sai a gyaran ƙarshe, ko ma ka bar su gaba ɗaya in dalilinku bai tilasta ba, saboda mushrif zai ce ɗauke wannan sakin layin ka kai shi can, kana ɗaukewa "sabiƙ" ɗin ya koma yana nuna wani littafi daban ba ka sani ba.

Ayoyi kuwa kar ka taɓa rubuta su da ka, ko kai gangaran ne. Ka kwafo su daga manhajar Mus'hafin Madina ta Mujamma'in Sarki Fahad, su zo da rasmin Usmani cikin bakansu na ado, ka biyo da sunan sura da lambar aya, mafi yawa a cikin matanin ake sa wannan ba a hamishi ba. Akwai wani tarko da ya shafe mu mu da muka tashi a tsangaya da Warshu. Ƙirgen ayoyi a mus'hafin Warshu da na Hafsu ba ɗaya bane, Baƙara a Hafsu aya 286 ce, a Warshu 285, jimillar Alƙur'ani a ƙirgen Kufa da Hafsu ke kai 6236, a na Madina da Warshu ke kai 6214. Ba wai an rage ko an ƙara wani abu bane, wurin tsayawar ayoyin ne ya bambanta. Don haka in ka duba lamba a Alƙur'anin da ka zo da shi daga gida ƙila ta goce da ɗaya ko biyu, Dakta ya zaci sakaci ka yi. Ka bi Hafsu, in kuma bahasinka kan Warshu ne ka faɗa tun a muƙaddima cewa ƙirgen Madina ka bi.

Hadisi shi ne inda aka fi tsananta wa ɗalibi a nan, kuma da gaskiyarsu. Ba a ɗauko hadisi daga littafin fiƙihu ko na wa'azi a ce an yi tausiƙi, sai ka koma littafin da ya ruwaito shi da isnadi. A hamishi ka kawo mai littafin, sai kitabi, sai babi, sai lambar hadisi, wasu sassan suna ƙara juz'i da shafi. Hadisin niyya misali, Bukhari ya fitar da shi a kitabu bad'il wahyi lamba 1, Muslim a kitabul imara lamba 1907 a ƙirgen Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi. Dalilin kawo kitabi da babi shi ne lambobi suna bambanta daga bugu zuwa bugu amma babi yana nan inda yake. In hadisin yana Bukhari da Muslim ko ɗayansu yawanci an yarda ka tsaya a nan, in a wajensu yake to dole ka faɗi hukuncin da malaman hadisi suka yi masa, wa ya inganta wa ya raunana, shi ma da littafi da shafi. Kuma in lafuzzan sun bambanta ka faɗi lafazin wa ka kawo. Na ga ɗalibi ya rubuta "muttafaƙun alaihi", wato Bukhari da Muslim duka sun ruwaito, alhali ƙarin da yake kafa hujja da shi babu shi a ko ɗaya daga cikin biyun, a wani littafi yake da isnadi mai magana, duk mas'alar da ya gina a kai ta zube.

Haka a fiƙihu, ra'ayin kowace mazhaba daga littattafanta ake ɗauko shi. In zaka ce Malikiyya sun ce kaza ka je Mudawwana ko sharhohin Mukhtasar Khalil ko na Risala, waɗanda dama da su muka tashi, kar ka ɗauko shi daga Almugni na Ibnu Ƙudama don ya fi sauƙin bincike, shi Bahambale ne yana ba da labarin ra'ayin wasu ne.

Wannan ya kawo ni kan abinda na fi jin zafinsa, wato mutum ya ga wani mai bincike ya kawo magana da hamishinta, sai ya kwashe maganar da hamishin gaba ɗaya ya zuba a nasa kamar shi ya buɗe littafin. Ɗan uwa kar ka yi. Abinda idonka bai gani ba kar ka ce ka gani. Ka tashi ka nemi asalin, in ka nema ka rasa, ƙila littafin ya ɓata ko har yanzu makhɗuɗi ne, wato rubutun hannu da ba a buga ba, a wata ƙasa, sai ka rubuta "naƙlan an", wato an ciro daga, ka faɗi wanda ka gani a wurinsa. Ba abin kunya bane, manyan malamai suna yi. Na taɓa zama a wata munaƙasha, munaƙishin ya zo da littafin a hannunsa, ya miƙa wa ɗalibin yace bismillah buɗe shafin da ka rubuta ka karanta mana, ɗalibin ya buɗe babu maganar, ashe kuskuren bugu ne a risalar da ya kwafa, shi ma ya gaji kuskuren, a nan aka gane bai taɓa buɗe littafin ba. Ga abokansa cike da ɗakin, wasu ma sun kunna wa 'yan gida ta waya suna ji. Har yau in na tuna sai inji ba daɗi, don yaron mai ƙoƙari ne.

Maktaba Shamila, manhajar da ta tara littattafan Larabci, ni'ima ce babba, babu mai musu, amma wurin nema ce. Kowane littafi a cikinta yana da katinsa, ka buɗe ka gani, in an rubuta lambobin shafi sun dace da bugaggen littafi to da sauƙi, in an rubuta na'ura ce ta ƙirga shafukan ba su dace da bugu ba to kar ka kuskura ka sa wannan lambar a hamishi. Ko wanda ya dace ɗin ma ka gwada shi da hoton bugun, saboda akan samu kalma ta faɗi ko ɗigo ya goce wurin buga shi a kwamfuta, a Larabci kuwa ɗigo ɗaya yana juya hukunci. Ni yadda nake yi, in nemo a Shamila, in buɗe PDF mai hoton littafin in tabbatar, sannan in rubuta.

Sai kayan gida. Da yawanmu maudu'anmu kan ƙasar Hausa ne, malaman jihadi, makarantun allo, da'awa a Najeriya ko Nijar, kuma a nan ne dalilin sashe yake yin shiru don ba a rubuta shi da irin kayanmu a rai ba. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da yawa bugun kasuwa ne, babu shekara babu maɗaba'a, wani lokacin sai sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa. Ka rubuta abinda ka gani a bangon yadda yake, ka sa د.ت, ka faɗi cewa bugun gida ne, in kuma akwai bugu mai tahƙiƙi to shi ya fi. In makhɗuɗi ne ka faɗi inda yake ajiye, Gidan Arewa a Kaduna ne ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko laburaren wani gida, da lambarsa in yana da ita, kuma da waraƙa, wato fallen takarda, ake ƙirga shi, fuskar farko alif ta biyu ba'. In littafin Hausa ne ko na Turanci ka bar sunansa da haruffansa na asali, kar ka fassara sunan kawai ka bar mai nema yana yawo, maganar da ka juya zuwa Larabci kuma ka faɗa cewa fassararka ce.

Masu yin hira da dattawa, misali Hausawan Makka da Jidda da kakanninsu suka zo a ƙasa ta Sudan, ku rubuta sunan wanda aka yi hirar da shi, shekarunsa, wurin da aka zauna da ranar. Amma ka tambaye shi tukunna, Baba ka yarda in sa sunanka? In yace a'a ka sakaya shi ka gaya wa mushrif dalili, akwai mutanen da fitar da sunansu a takarda zai iya jawo musu damuwa, bahasinka bai kai wannan ba. Karatun malami da ke YouTube kuma ka kawo sunan karatun, tashar, ranar da aka ɗora, da mintin da maganar take. Odiyon da ake yawo da shi a WhatsApp an yanko minti biyu ba a san ranar ba ba a san wurin ba, wannan ba marji'i bane, ka nemi cikakken.

Shafin intanet ka kawo marubuci ko hukumar da ke da shi, kan maganar, adireshin, da ranar da ka shiga, ka kuma ajiye kwafinsa a PDF don gobe ana iya gogewa. Maƙalar mujalla kuwa sunan maƙalar daban sunan mujallar daban, sai mujalladi da lamba da shekara da shafukan, irin waɗanda kuke saukewa daga Darul Manzuma ta laburaren dijital na Saudiyya duk bayanin yana shafin farko. ChatGPT da 'yan uwansa kuma ku yi hattara, zai iya ba ka sunan littafi da marubuci da shafi tsaf-tsaf alhali babu littafin a duniya, ko littafin yana nan amma maganar ba ta ciki. Duk abinda ya ba ka ka ɗauke shi jita-jita har sai ka buɗe da hannunka.

Bari in ɗan taɓa APA, wani tsarin tausiƙi na Amurka, saboda 'yan tarbiyya da kimiyya da injiniyanci da ita ko makamanciyarta suke aiki, mu ma in mun koma gida zamu tura maƙala mujallu da yawa ita suke nema. A nan babu hamishi, cikin rubutun kake sa sunan ƙarshe na marubuci da shekara a baka, in lafazi ne ka ƙara shafi, kamar (Wane, 2018, sh. 44). A bugu na 7 da ya fito 2019, in marubuta sun kai uku sunan na farko kawai zaka sa ka biyo da et al. tun daga ambaton farko, an daina rubuta garin da aka buga littafi, zancen da ya kai kalma 40 ana ware shi a sakin layinsa ba alamun zance, in mutum ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya sai su zama 2018a da 2018b, maƙalar da ke da DOI, lambar shaidarta ta intanet, kuma a sa mata shi. Inda sunayenmu suke ba da wahala shi ne da yawa suna ƙarewa da sunan gari, Kano, Gusau, Zariya, to ƙa'idar ita ce ka bi yadda shi marubucin yake sa sunansa a jikin aikin, na ƙarshen shi ne na ƙarshen ko da gari ne, kar ka zaɓar masa wanda ya fi maka daɗi. Zotero, manhajar tsara maraji'i, kyauta ce kuma tana rage wahala ƙwarai a wannan tsarin, amma sunayen Larabawa na da sai ka gyara su da hannu, akwai inda zaka mayar da sunan gida ɗaya maimakon biyu, in ba haka ba sai ta raba maka Ibnu Hajar gida biyu ta juya shi.

Fihirisin masadir da maraji'i kar ka bar shi sai daren miƙawa. In ka yi katin nan tun farko to dama ya haɗu, jerawa ce ta rage. Ana jera shi bisa haruffa, ko da sunan littafi ko da na marubuci gwargwadon dalilinku, kuma a al'ada ba a lissafa "al" na farkon suna, da yawa ma suna tsallake "ibnu" da "abu", duk wanda ka bi ka faɗa a layi ɗaya a saman fihirisin. Alƙur'ani a sama yake zama shi kaɗai. Na haruffan boko su zo a rukuninsu bayan na Larabci. Duk littafin da ya fito a hamishi dole ya fito a fihirisi, wanda kuma ba ka ɗauko komai a cikinsa ba kar ka cusa shi don jerin ya yi tsawo, munaƙishi yana iya nuna ɗaya yace wannan a wane shafi ka yi amfani da shi.

Sati ɗaya kafin ka miƙa, ka buga bahasin a takarda, ka ba wani abokinka biro yace maka lambobin shafi goma duk wanda ya zo bakinsa, ku ɗauki hamishi ɗaya a kowane shafi ku tafi laburare bayan asuba kafin a cika, shi yana karanto juz'i da shafi kai kana buɗewa. In goman sun fita lafiya ku ƙara goma daga wani babin. In ko ɗaya ya goce to kar ka gyara shi kaɗai ka wuce, ka duba wane littafi ne, ka bi duk inda ka ambace shi a bahasin, don yawanci in bugu ya cakuɗe a wuri ɗaya to ya cakuɗe a sauran ma.